Tagogi 216, gyara ɗaya: Wahalar da muke saya wa kanmu a ofisoshin zanen gini

Wasu shekaru da suka gabata, ofishin da nake aiki a matsayin mai tsara gine-gine ya samu aikin zana ɗakunan kwanan ɗalibai na wata makaranta mai zaman kanta. Gine-gine uku ne, kowanne ƙasa da sama, kuma a kowane hawa akwai tagogi 36, wato jimilla 216 ke nan. Mun gama zane, an samu amincewar hukuma, har an zuba fandisho an fara ɗora bulo. Sai wata ranar Alhamis da la'asar mai makarantar ya shigo ofis, ya zauna, ya ce, "Akitek, tagogin nan sun yi ƙanana. Yaran nan za su dahu a watan Afrilu. A ƙara musu faɗi, ai ku yanzu danna kwamfuta ne kawai." Gaskiyarsa ce game da zafin, don haka muka yarda a mayar da faɗin kowace taga daga milimita 1200 zuwa 1500.

Aikin sai ya faɗo a kan wani matashi mai yi wa ƙasa hidima da ke tare da mu a lokacin, yaro mai natsuwa da ba ya musu. Kowace taga tana fitowa a wuri uku: a zanen shimfiɗar gini, a zanen fuskar gini, sannan a alamar da ke ɗauke da lambarta da girmanta. Mai karatu ya lissafa da kansa, gyara 648 ke nan. Ko da minti biyu kawai kowanne zai ci, an haura awa 21 ana abu ɗaya: a zaɓa, a ja, a goge, a rubuta, a matsa gaba. Dare uku yaron nan ya yi a kai, janareta na ruri, sauro na cizo. Ranar Litinin ya miƙo zane, aka buga, aka kai wurin aiki.

Bayan wata biyu aka gano cewa tagogi 14 a saman gini na uku suna nan a 1200 a zanen shimfiɗa, alhali jadawalin tagogi ya ce 1500. Birkila ya bi zanen shimfiɗa ya bar ƙofar taga ƙarama, aka zuba linta a kai. Mai haɗa tagogin alminiyom kuwa jadawali ya bi, ya yanko duka 216 manya. Da aka zo sawa suka ƙi shiga. Kuma da yake linta ɗai-ɗai aka zuba ba zagaye ba, ba a iya faɗaɗa wurin kawai ba, domin in an sare bulo ta gefe biyu lintar ba ta da inda za ta zauna. Sai da aka fasa aka sake zubawa. Ɗan kwangila ya kawo takardar ƙarin kuɗi, mai makaranta ya ƙi biya, ofishinmu ya biya wani kaso don a zauna lafiya. Yaron kuwa ya sha faɗa har ya yi ƙwalla.

Na daɗe ina tunanin wannan faɗan, kuma ra'ayina a yau shi ne ba a yi masa adalci ba. Duk ɗan Adam da ka ba shi gyara iri ɗaya sau 648 cikin dare, sai ya tsallake wasu. Kuskure 14 ma ya yi ƙoƙari. Laifin namu ne, mu manya, da muka zana tagogin nan tun farko a matsayin layuka warwatse, kowace taga da nata, maimakon mu zana taga ɗaya mu umarci kwamfuta ta maimaita ta. Da mun yi haka, gyaran zanen shimfiɗa na kowane gini ba zai kai minti biyar ba, kuma ba yadda za a yi wata taga ta tsira.

Waɗanda suka riski zamanin allon zane sun san inda wannan ɗabi'a ta samo asali. A da, da alƙalamin Rotring ake zane a kan takarda mai shara-shara, in an yi kuskure a kankare da reza, a hankali don kada takardar ta huje, sannan a kai injin wanke zane mai warin amoniya. A wancan lokaci babu wata hanya: taga ɗari, kankara ɗari. Da kwamfuta ta zo, da yawanmu sai muka ɗauke ta a matsayin allon zane mai haske, muka ajiye reza muka ɗauki linzamin kwamfuta, amma tunanin bai canza ba. Muka kuma koyar da na bayanmu haka.

Abin mamaki shi ne, dabarar da muke ƙyalewa ta girmi yawancinmu. A shekarar 1963, wani ɗalibin digiri na uku a jami'ar MIT ta Amurka, Ivan Sutherland, ya gabatar da manhajar da ya kira Sketchpad, wadda ake ɗauka a matsayin kakar manhajojin zane na kwamfuta. Da wani alƙalami mai haske yake zane a fuskar wata ƙatuwar kwamfuta mai suna TX-2. Cikin abubuwan da ya zo da su har da raba zane gida biyu: akwai uwar zane, akwai kuma kwafe-kwafenta. In ka taɓa uwar, duk kwafen sai su canza tare. An ba shi lambar yabo ta Turing a 1988. Wato tun kafin a haifi yaron da muka yi wa faɗa, har ma da wasu iyayen gidansa, an riga an warware matsalar tagoginmu.

Manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk ya fitar a ƙarshen 1982, kuma wadda ita ce na fi gani a ofisoshinmu har yau, ta gaji wannan dabara da sunan Block. A ofis "bulok" muke cewa, kuma ba shi da nisa da bulon siminti a ma'ana: ƙira ɗaya ce ake buga dubu da ita. Kana zana taga sau ɗaya, ka ba ta suna, sai kwamfuta ta adana siffarta a wuri guda. Duk inda ka sake dasa ta, ba sabuwar taga aka zana ba, bayani kawai aka rubuta cewa taga mai suna kaza tana nan, ta fuskanci kaza. Ranar da ka buɗe bulok ɗin ka ƙara masa faɗi, duk inda yake a wannan fayil zai canza nan take. Tun daga AutoCAD 2006 ma an ƙara wani nau'i wanda bulok ɗaya kan ɗauki girma daban-daban, ka ja shi ya miƙe ba tare da ya rasa sunansa ba.

To amma akwai wani umarni mai suna EXPLODE, wanda ke tarwatsa bulok ya mayar da shi layuka. Ban san wani umarni da ya jawo wa ofisoshinmu asarar lokaci kamar wannan ba. Yaro zai ga taga ɗaya ta ɗan ci karo da ginshiƙi, maimakon ya yi mata wani bulok, sai ya tarwatsa ta ya gyara layi ɗaya, daga nan kuma ya kwafi tarwatsattsiyar ya baza a sauran ɗakuna. A ido babu bambanci ko kaɗan. A takarda ma babu. Sai ranar gyara asiri yake tonuwa, domin ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Ko da an riga an yi ɓarnar, ba lallai ne a koma ga ɗai-ɗai ba. Akwai QSELECT, wanda za ka ce masa ya zaɓo maka duk rubutun da ke kan leya kaza, ko duk da'irar da ke da girma kaza, ya tattaro su gaba ɗaya ka canza musu abin da kake so a bugu guda. Akwai FIND mai neman kalma ya musanya ta a duk zanen. Akwai hanyar jingina wani fayil a cikin wani, da ake kira Xref, wadda ta zo tun 1990: ka zana shimfiɗar gini sau ɗaya, injiniyan lantarki da na ruwa su jingina ta a nasu zanen, in ka matsar da bango su gani da zarar sun sake buɗewa. Tun AutoCAD 2009 kuma akwai abin da ke naɗar matakan da ka bi, kamar rikoda, ya maimaita maka su. Duk waɗannan ba sa buƙatar mutum ya iya rubuta manhaja. Suna nan a cikin abin da ke kan teburinmu, kawai ba mu buɗe ƙofar ba ne.

Sai dai kowanne yana da tarkonsa, kuma a nan ne nake son abokan sana'a su tsaya su kula. Siffar bulok tana zaune ne a cikin kowane fayil daban. In ka gyara taga a fayil ɗin gini na ɗaya, na gini na biyu bai san an yi ba. Haka kuma rubutun da ake liƙa wa bulok, irin lambar ƙofa ko girmanta, ba ya bin gyaran siffa. Taga za ta faɗaɗa amma alamarta ta ci gaba da cewa 1200, sai ka bi ta da wani umarnin. Mafi muni shi ne al'adar rubuta awo da hannu. AutoCAD tana auna tazara da kanta ta rubuta, amma tana ba ka damar goge nata ka rubuta naka. Wanda yake sauri, maimakon ya matsar da bango, sai ya canza lambar kawai. Daga ranar wannan awo ya mutu: ko ka ja bangon zuwa Zariya lambar ba za ta motsa ba. Na sha karɓar zane daga wasu ofisoshi wanda rabin awonsa irin wannan ne, kuma babu wata dabarar gyara ta bai-ɗaya da za ta yi aiki a kan zanen da ke faɗin abin da ba shi ne a jikinsa ba.

Mataki na gaba shi ne wanda mutane suke tsoro, wato rubuta wa kwamfuta umarni da kanka. A watan Janairun 1986 Autodesk ta sanya wani harshen umarni a cikin AutoCAD mai suna AutoLISP, reshe ne na harshen LISP da John McCarthy ya ƙirƙiro a 1958. Ganinsa na farko yakan firgita mutum saboda yawan bakan da ake buɗewa ana rufewa, amma abin da ke ƙarƙashinsa mai sauƙi ne. Zanen da kake gani a fuskar kwamfuta a haƙiƙa rajista ce, kamar rajistar ɗalibai. Kowane layi, kowace da'ira, kowane rubutu yana da shafinsa, kuma kowane bayani a shafin yana da lambarsa: lamba 0 tana faɗin irin abin, lamba 8 tana faɗin leyar da yake, lamba 10 tana faɗin inda yake zaune, lamba 1 tana ɗauke da kalmomin rubutu, lamba 40 kuma tsayin rubutun ko girman da'ira. Da ka gane haka, sauran aikin magatakarda ne. Umarnin ssget yana tattaro duk waɗanda suka cika sharaɗin da ka gindaya, entget yana buɗe shafin kowanne, subst yana musanya bayani, entmod yana mayar da shafin rajista. Layi goma sha biyar na irin wannan rubutu kan yi aikin kwana uku kafin shayinka ya huce. In kuma fayiloli ne da yawa, akwai ɗan fayil ɗin jerin umarni da zai buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ya yi gyaran, ya adana, ya rufe.

Bayan abin da ya faru da tagogi na zauna na koyi wannan da daddare, daga littafin taimako da ke cikin manhajar, kuma ba zan ɓoye ba, na ɗan yi girman kai da shi. Allah kuwa Ya nuna mini iyakata ba da daɗewa ba.

Wani aikin magudanan ruwa ne na rukunin gidaje. Safiyo ya dawo ya ce alamar da aka ɗauki tsayin ƙasa daga gare ta an yi kuskuren karanta ta, don haka duk lambobin tsayi da ke zanen sai an ƙara musu mita 0.450. Lambobin sun kai ɗaruruwa, a fayil takwas. Na ce wannan ai nama ne ya faɗo a miya. Na rubuta ɗan umarni: nemo duk rubutun da ke lamba ce, ƙara mata 0.450, mayar. Na gwada a fayil na farko, ya yi. Ina cikin na biyar aka ɗauke wuta, kafin a tada janareta kwamfutar ta mutu. Da ta dawo ban tuna ko na adana na biyar ɗin ba, na duba sama-sama na ga kamar ban yi ba, na sake sakar masa umarnin. Ashe na yi. Lambobin wannan shafi suka tashi da 0.900, wato bututun da ke tsakiyar rukunin ya zama ya fi wanda ke zuba masa ruwa tsayi. A takarda, ruwa zai hau tudu.

Akwai wani dattijo a ofishin, tsohon mai zane tun zamanin reza, wanda duk muke kira Baba. Ba ya taɓa kwamfuta, aikinsa duba zane da jan biro kafin ya fita. Ya ɗauki shafukan ya jera su a kan tebur, ya bi magudanar da yatsa daga sama zuwa ƙasa yana karanta lambobi a hankali, sai ya tsaya. Ya ce, "Yallaɓai, zo ka gani. Ruwan naka a nan sama yake tafiya ko ƙasa?" Na duba, gumi ya karyo mini. Ya juya wani shafin ya ƙara nuna mini wani abin: gida mai lamba 12 ya koma gida mai lamba 12.450, domin wani ya rubuta lambobin gidaje a kan leyar da ba tasu ba, umarnina kuwa ba ya tambaya, duk lambar da ya gani tasa ce. Baba bai yi mini faɗa ba. Cewa kawai ya yi, "Injin naka yana da sauri, amma bai san ruwa ba."

Kuskuren yaron nan guda 14 ne, warwatse, kuma kowanne ana iya gyara shi da guduma da kurfi. Nawa kuskuren guda ɗaya ne, amma ya shiga kowace lamba a shafi guda cikin daƙiƙa biyu, kuma ya shiga da tsafta, babu alamar kankara, babu abin da zai ja ido. Wannan shi ne haɗarin da masu tallata sauri ba sa faɗa. Hannu yana kuskure nan da can, inji kuwa in ya yi kuskure ko'ina yake yinsa, iri ɗaya, har ya yi kama da daidai. Umarnin ssget ma, in ka ce masa ya binciki zanen duka, yana ɗauko har abubuwan da ke kan leyoyin da ka kashe ba ka ganinsu, sai ka gyara abin da ba ka san yana nan ba.

Masu koyar da injiniyoyi suna yawan kawo misalin otal ɗin Hyatt Regency na birnin Kansas a Amurka, kuma ko da yake ba kwamfuta ce ta jawo shi ba, ya shafi maganarmu kai tsaye. A ranar 17 ga Yulin 1981, wasu gadojin tafiya biyu da aka rataya a cikin babban zauren otal ɗin, ɗaya a hawa na huɗu ɗaya a hawa na biyu a ƙarƙashinta, suka rufto kan jama'a ana tsakiyar biki. Mutum 114 suka mutu, sama da 200 suka jikkata. Bincike ya nuna cewa a tsarin farko, sandar ƙarfe ɗaya ce doguwa za ta sauko daga rufi ta ratsa gadar sama ta riƙe ta ƙasa. A wajen zanen ƙira sai aka canza zuwa sanduna biyu: ɗaya ta riƙe gadar sama, ɗaya kuma ta rataya gadar ƙasa a jikin ta sama. A takarda ƙaramin gyara ne mai sauƙaƙa aiki, kuma an maimaita shi a kowace mahaɗa. A zahiri ya ninka nauyin da ke kan mahaɗar gadar sama sau biyu, alhali ko tsarin farkon bai cika ƙa'idar gini ta birnin ba. Injiniyoyin da suka sa hannu sun rasa lasisinsu. Gyaran da za a baza wa abubuwa masu kama da juna yana buƙatar a zauna a yi masa lissafi sau ɗaya da kyau kafin a baza shi, kuma yadda bazawar ta zama da sauƙi a yau, haka jarabar tsallake lissafin ta ƙaru.

Daga ranar ruwan da ya hau tudu na canza yadda nake aiki. Ba na sakin umarni a kan fayil na asali, sai a kan kwafi. Kowane umarni da na rubuta dole ya faɗa mini a ƙarshe abubuwa nawa ya taɓa. In ina tsammanin tagogi 72 ya ce 70 ko 75, to akwai magana. Dole kuma ya canza launin duk abin da ya gyara, don ido ya gani, don kuma kada ya sake taɓa shi karo na biyu. Sannan ba abin da ke fita sai wani wanda ba shi ya yi gyaran ba ya bi shi da jan biro a takarda. Wasu matasa suna ganin wannan na ƙarshen tsohon yayi ne. Ni kuwa na ga ranarsa.

Akwai wani gefen da ya kamata a ambata, domin yadda muke musayar fayiloli da filash da wayar hannu. Waɗannan ƙananan umarni manhajoji ne na gaske, suna iya buɗe fayil, su kwafa, su aika. A watan Yunin 2012 kamfanin tsaron kwamfuta na ESET ya bayyana wata ƙwayar cuta da aka rubuta da AutoLISP, wadda aka sa wa suna Medre, da ta yaɗu musamman a ƙasar Peru. Tana laɓewa ne a cikin jakar zane, da an buɗe zanen sai ta tashi, ta riƙa aika duk zanen da mutum ya buɗe zuwa wasu akwatunan imel a ƙasar Sin. Dubban zane-zane aka kwashe ta haka. Daga AutoCAD 2014 an ƙara matakan da ke hana manhajar ɗaukar umarni daga wurin da ba a amince da shi ba, amma wanda yake aiki da tsohuwa, ko wanda ya saba danna "na yarda" ga duk gargaɗin da ya fito, bai amfana da wannan ba. Wanda yake zana banki ko gidan wani babba ya kamata ya san abin da ke cikin filash ɗin da aka miƙo masa.

Batun kuɗi ma gaskiya ne. Tun 2016 Autodesk ta daina sayar da lasisin dindindin, sai haya shekara-shekara, kuma kowa ya san yadda farashin da aka yanka da dala yake zama in an juya shi zuwa naira. Amma wannan bai zama hujjar zama da reza ba. Ƙaramar AutoCAD LT, wadda ta shekara da shekaru ba ta karɓar AutoLISP, ta fara karɓa daga fitowar 2024. BricsCAD da ZWCAD da GstarCAD duk suna buɗe fayil iri ɗaya kuma suna gane LISP. FreeCAD kyauta ce, da harshen Python ake sarrafa ta. Waɗanda suka koma Revit, wadda Autodesk ta saya a 2002, ko ArchiCAD ta kamfanin Graphisoft na ƙasar Hangari, su matsalar tagoginmu ba ta ma taso musu a wannan siffa, domin a can gini ɗaya ake ginawa a cikin kwamfuta, shimfiɗa da fuska da jadawali duk leƙe ne ake yi masa ta ɓangarori daban-daban. Ka canza nau'in taga, ko'ina ya canza har jadawali. Birtaniya ta wajabta irin wannan tsari a ayyukan gwamnatin tsakiya tun Afrilun 2016. Sai dai ko a can, wanda ya danna nau'in da ba shi ba ya canza tagogin gini duka bai sani ba.

Yanzu kuma ga ƙirƙirarriyar basira. Tun bayan fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, matashi na iya bayyana abin da yake so da kalmomi a rubuto masa umarnin AutoLISP cikin minti ɗaya. Na gwada, sau da yawa yana aiki, wani lokaci kuma yana kawo sunan umarnin da babu shi, ko ya zaɓo fiye da abin da aka ce. Ina murna da wannan ƙofa da ta buɗe, amma tana ba ni tsoro a hannun wanda ba zai iya karanta abin da aka rubuto masa ba. Ni da na rubuta nawa da hannuna, na san kowane layi, ga abin da ya same ni.

Shi ya sa nake ganin gyaran daga makaranta zai fara. Ɗaliban da ke zuwa mana daga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha sun iya zana layi da kyau, wasunsu sun iya fitar da hoton gini mai ɗaukar ido, amma ƙalilan ne aka taɓa tambaya: in mai gini ya canza ra'ayi gobe, minti nawa gyaran zai ɗauke ka? Da malamai za su riƙa ba da aiki, bayan an miƙa su ce a faɗaɗa duk ƙofofi a sauya duk lambobin ɗakuna cikin rabin awa, da ɗalibi ya gane amfanin bulok da leya ba tare da an yi masa wa'azi ba. Hukumomin sana'a irin su ARCON da COREN, da ƙungiyoyinmu masu shirya tarukan ƙara ilimi, suna da wurin sa hannu a nan. Masu fargabar cewa wannan zai kori masu zane daga aiki kuwa, abin da na gani a ofishinmu shi ne akasin haka: awannin da aka ƙwato daga ja da gogewa sun koma duba zane da zuwa wurin aiki, abubuwan da dā ba mu da lokacinsu.

Saura maganar Alhaji mai makaranta, cewa danna kwamfuta ne kawai. Yau in ya faɗi haka game da zane, ya kusa gaskiya. Amma sauƙin gyara zane ya haifar da wata sabuwar matsala a wurin aiki: zane ɗaya sai ya yi fitowa biyar cikin wata guda, ana tura su ta WhatsApp, fomal yana riƙe da na biyu a aljihu, kafinta yana da na huɗu a waya, mai lanƙwasa rodi kuma tun na farko da aka ba shi ya liƙa a bango bai sake tambaya ba. Umarnina na iya gyara tagogi 216 cikin daƙiƙa, amma ba ya iya ciro tsohuwar takarda daga aljihun fomal. Don haka duk lokacin da muka fitar da gyara, sai an rubuta lambar fitowa da kwanan wata a kusurwar kowane shafi, an zagaye wurin da ya canza, sannan wani daga ofis ya tafi da ƙafarsa ya karɓo tsofaffin takardun ya ƙirga su kafin ya miƙa sababbi. Makon jiya ni na je da kaina. Shafi tara na bayar a watan da ya wuce, takwas aka dawo mini da su, na taran kuwa sai da muka same shi a rumfar mai walda, an nannaɗe ƙusoshi a ciki.